Turanci, Larabci, Faransanci: tambayoyin da kuka ishe ni da su, ga amsoshinku

Jama'a assalamu alaikum. Ni dai malamin lesin ne a Tudun Wada nan Kaduna, manya nake koya wa Turanci bayan sallar Isha'i, yawanci waɗanda suka yi allo da Islamiyya boko ta wuce su, da samarin da suka dawo daga Sudan ko Masar da digirin Larabci, sai 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu shago a Kasuwar Barci, waɗanda suna zuba Faransanci kamar ruwa amma Turanci ya gagare su. Toh tambayoyi iri ɗaya ake jefo min kullum, a aji, a ƙofar masallaci, ko wajen mai shayi ba a barina na kurɓa cikin kwanciyar hankali, shi ya sa nace bari na tara su wuri guda kowa ya huta.

Malam wai da gaske ne har ƙasashen Larabawa sun fara komawa Turanci?

Da gaske ne, amma ba yadda ake baza shi a majalisar shayi ba. Ɗauki Aljeriya. A 2022 shugabansu Abdelmadjid Tebboune ya ba da umarni a fara koyar da Turanci tun aji uku na firamare, kuma a Satumbar shekarar aka fara, alhali da can sai yaro ya shiga ƙaramar sakandare yake jin ƙamshinsa. Maroko ma a 2023 ma'aikatar iliminsu ta fara sauko da Turanci zuwa farkon ƙaramar sakandare kaɗan-kaɗan.

Abin da mutane basa lura da shi, ba Larabci aka ture ba, yana nan a kujerarsa ta harshen hukuma tare da Tamazik na Barbarawa. Faransa ta zauna a Aljeriya daga 1830 har 1962, shekara 132 kenan fa, da suka tafi gwamnati ta mayar da firamare da sakandare Larabci amma aka bar likitanci da injiniyanci da kimiyya na jami'a a hannun Faransanci, kaga yaro zai yi shekara 12 yana karatu da Larabci daga dama zuwa hagu, ranar da ya shiga jami'a sai allo ya juya masa da wani yare daban. Wannan gurbin, na yaren jami'a da ofis, shi ne abin da ake ja-in-ja a kansa. Kuma kar ka ɗauka Faransanci ya riga ya faɗi, a Maroko ɗin nan a 2019 doka suka yi da ta buɗe ƙofar koyar da kimiyya da harshen waje, a aikace kuwa Faransanci ne ya cinye, kuma har yau in kana neman aikin banki a Kazablanka shi za a fara gwada ka da shi.

To me yasa Faransanci ne yake shan kashi, Larabci yana zaune lafiya?

Yadda nake kwatanta wa ɗalibaina, Turanci da Faransanci kishiyoyi ne, miji ɗaya suke nema, wato ofis da banki da jami'a da kamfani. Larabci kuwa uwar miji ce, ɗakinta daban, amarya bata zo ƙwace mata komai ba. Sallah da Larabci ake yi, huɗuba, karatun Alƙur'ani, labaran talabijin, faɗan miji da mata a gida da Larabcin unguwa, Turanci bai da abin da zai sayar a wannan kasuwar.

Tsakanin kishiyoyin kuwa amarya ta fi kayan ɗaki. Kusan rabin shafukan intanet da Turanci suke, mujallun kimiyya mafi yawa da shi ake bugawa har Faransawa kansu da shi suke rubuta bincikensu in suna so a karanta, mai koyon rubuta manhajar kwamfuta da shi zai yi, matuƙin jirgin sama da shi yake magana da hasumiya, je ka tambayi 'yan makarantar jirgi ta Zariya. Ɗan kasuwan Tunis in ya je Sin ko Turkiyya saro kaya da guntun Turanci ake gama ciniki, Faransancinsa sai ya dawo gida zai yi masa amfani.

Sai kuma haushi, wanda shi ba a rubuta shi a manhaja. Ba'aljeriye yana kallon Turanci a matsayin yaren da bai taɓa marinsa ba. Mu kuwa abin dariya ne, don mu da Turancin ne Gwamna Lugga ya iso Kano da Sakkwato a 1903, majalisar jiharmu ma har yau a Lugard Hall take zama. Kowa da nasa Baturen da ya ci masa tuwo a ka.

Ance Nijar ta kori Faransanci ta ɗauki Hausa, haka ne?

Rabi haka ne. A kundin sake gina ƙasa da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta fitar a ƙarshen Maris 2025 an ce Hausa ce harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Ka lura da wannan, Turanci ya samu kujera daidai da Faransanci a ƙasar da Ingila bata taɓa mulka ba. Mali ta riga su, kundin 2023 ya sauke Faransanci zuwa harshen aiki ya ɗaga harsunan gida 13. Burkina Faso ta bi sahu, ita ma ta haɗa shi da Turanci a matsayin na aiki. A Maris 2025 ɗin dai su ukun suka fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙungiyar da a Yamai aka aza harsashinta ranar 20 ga Maris 1970, Diori Hamani na cikin iyayenta.

Amma doka a takarda daban, malami a gaban allo daban. Tambayi duk ɗan Nijar da ke kusa da kai da wane yare aka rubuta takardar haihuwarsa da na ɗansa, da wane yare yaro ke rubuta jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare. Sannan Nijar ba Hausawa kaɗai bane, akwai Zabarmawa, Fulani, Buzaye, Barebari, Tubawa, ba kowa ne yayi guɗa ba. Ni dai abin da na gani da idona, 'yan Maraɗi sun ƙaru a ajina.

Akwai ƙasar da ta taɓa yin wannan canjin aka ga ƙarshen abin?

Ruwanda. A 2008 suka ce daga yanzu karatu da Turanci ba Faransanci ba, lokacin ma dangantakarsu da Faransa a tsinke take saboda rigimar kisan kiyashin 1994, a 2009 suka shiga ƙungiyar Kwamanwel ta ƙasashe renon Ingila. Wahalar da aka sha ita ce malaman da kansu da Faransanci aka horar da su, rana ɗaya aka ce su koyar da lissafi da yaren da su ma suna tuntuɓe a cikinsa, malami na lesin da yamma yana koyarwa da safe. Har sai da suka koma Kinyaruwanda a ajujuwan farko na firamare, daga baya suka sake juyawa. Kuma duk da haka a 2018 'yar Ruwanda, Louise Mushikiwabo, aka zaɓa ta shugabanci ƙungiyar masu Faransancin, kaga basu rufe ƙofa ba, tagar gaba kawai suka ƙara buɗewa. Gabon da Togo ma sun shiga Kwamanwel a 2022 ba tare da sun yar da Faransanci ba.

In kuma kana so ka ga inda abin ya ɓaci, leƙa Kamaru maƙwabta, inda a 2016 zanga-zangar lauyoyi da malamai kan cusa Faransanci a kotuna da makarantun yankin masu Turanci ta rikiɗe ta zama yaƙi.

Mu a Kaduna ina ruwanmu da rigimar Maroko da Aljeriya?

Ai mu muka riga su shiga wannan rijiyar. Kafin Bature ya zo da Larabci ake rubuta wasiƙar sarki da hukuncin alƙali, Hausa kuma da ajami, je Arewa House ka ga tsoffin takardun da idonka. Turawa suka kawo boko, Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, kwalejin Katsina ta biyo baya har ta yi zama a nan Kaduna kafin ta koma Zariya ta zama Barewa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939 da baƙaƙen boko. Tun lokacin aka raba mana gado, Turanci ya ɗauki albashi, Larabci ya ɗauki lada, Hausa ta ɗauki kasuwa da gida. Ciro ɗari biyar daga aljihunka ka duba, ajami yana nan har yau, amma an cire shi daga ƙananan kuɗi tun 2007.

Faransanci kuma ya kewaye mu ta ko'ina, Nijar, Chadi, Kamaru, Benin, duk maƙwabtan ƙasa huɗun. Chadi ma Larabci da Faransanci ne harsunan hukumarta. Janar Abacha a 1996 ya taɓa cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, maganar ta shiga manufar ilimi amma bata shiga bakin mutane ba, yawancinmu abin da muka fito da shi daga ƙaramar sakandare bai wuce bonju da komo tali vu ba. Gwamnati tana da ƙauyen koyon Faransanci a Badagry da na Larabci da aka kafa a Ngala ta Borno.

Malam ɗana ya sauke Alƙur'ani, ina so ya zurfafa a Larabci, dole ne sai ya wahala da Turanci?

Alhaji Allah ya sanya albarka, amma dole ne, kuma gara na faɗa maka yanzu da yaron yazo yana cizon yatsa yana da shekara 28. Ko Larabcin zai karanta a jami'ar Najeriya sai ya rubuta Turanci a JAMB, babu mai tsallake shi, kuma kusan duk kwas sai da kiredit ɗin Turanci. Ko ta hukumar NBAIS ya bi, mai jarrabawar Larabci da addinin Musulunci wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, Turanci na cikin darussan.

Kace to ka tura shi waje. Madina da Azhar za su ba shi Larabci tsantsa in fannin addini ne, amma in likitanci ne a Masar yawanci da Turanci ake koyarwa, a asibitocin Saudiyya da Turanci likita ke rubuta fayil, jami'ar man fetur ta Sarki Fahad da ke Dahran da Turanci take karantarwa. Dubai kuwa baƙi sun kusa tara cikin goma na mazauna, ka shiga shago da fusaharka mai kyau ɗan Indiya ko ɗan Filifin ya tsaya yana kallonka.

Akwai wani ɗalibina, bazan faɗi sunansa ba, ya dawo da digiri mai daraja ta ɗaya, in yana i'irabi sai ka ji kamar kar ya daina, amma ranar da aka kira shi intabiyu na aikin koyarwa, aikin koyar da Larabcin fa, da Turanci aka yi masa tambayoyin daga farko har ƙarshe, ya fito gumi ya jiƙa masa jallabiya, aka ba wani wanda ko rabin iliminsa bai kai ba. Ni a ganina zalunci ne, wauta ce ma, amma haushina bai canza masa sakamako ba, wata takwas yayi a bencina kafin ya sake gwadawa. Don haka kar ka rage masa Larabci ko da harafi ɗaya, ƙara masa Turanci a kai kawai, wanda ya haɗa biyun shi ake nema a aikin fassara, ofisoshin jakadanci, bankin Musulunci da hidimar alhazai a Mando.

Turanci ba yaren kafirai bane?

Baba yare ba shi da addini. Kiristocin Labanon da Masar da Larabci suke addu'a a coci, Allah suke cewa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don wasiƙu. Marigayi Sheikh Abubakar Gumi da kuke zuwa kasuwa mai sunansa kullum, yana jin Turanci, bai hana shi tafsiri a masallacin Sultan Bello ba.

Kenan koyon Faransanci yanzu ɓata lokaci ne?

A'a wallahi, ni da na san haka tun ina saurayi da na riƙe shi. Ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci ta ƙiyasta masu jinsa miliyan 321 a 2022, kuma mafi yawan masu amfani da shi kullum a Afirka suke, Kinshasa ta fi Faris yawan jama'a. ECOWAS da Turanci da Faransanci da Fotugis take aiki, Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya duk suna da shi tare da Larabci, wanda shi majalisar ta karɓe shi a 1973. Sirrin shi ne a Najeriya masu Turanci sun yi yawa kamar yashi, masu Faransanci ana ƙirga su, duk inda ake neman mai biyun layin gajere ne. Ko ba aikin ofis ba, mai zuwa Kwatano sayen mota ko Lome saro atamfa ya san abin da ɗan tafinta da jandarma suke ci a jikinsa. KASU na da sashensa, ABU ma haka.

Yaro bazai rikice ba in aka ɗora masa harshe uku?

Hajiya yaron Kakuri ko Sabon Tasha fa tun kafin ya shiga nazare yana jin Hausa, yana jin broka, yana jin Gbagyi ko Bajju ko Kataf a gida, wa ya taɓa ganin ya rikice? A Bairut gaisuwa ɗaya suke haɗa Turanci da Larabci da Faransanci a ciki, kuma haka suke tun da daɗewa, jami'ar Amurkawa ta can tun 1866 take, ta Saint Joseph mai Faransanci tun 1875.

Abin da ke rikita yaro shi ne a koya masa karatu da yaren da shi bai sani ba, malamar ma bata gama sani ba. Ka shiga wasu makarantun kuɗi na lungu a Rigasa ko Badarawa, an rubuta a bango an hana banakula, wanda yayi Hausa a ci shi tara ko a ɗora masa bulala, yaro yayi shiru shekara shida yana haddar abin da bai gane ba, ya fito Turanci bai zauna ba, Hausa bai iya rubutawa ba, Islamiyya kuma an mayar da ita ta gajiya bayan La'asar yana gyangyaɗi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci. Ni ban ga littattafan Hausar da aka raba ba balle nace an gwada an kasa. Ra'ayina dai yaro ya fara iya karatu da yaren da yake mafarki da shi, Turanci ya shigo a matsayin darasi tun da wuri a hannun wanda ya iya, daga baya ya karɓi ragama.

Wa yake cin ribar wannan guguwar ta Turanci?

Mai kuɗi, ko'ina. A Maroko ɗan mai hali yana makarantar kuɗi yana tara ukun, ɗan talaka a ƙauyen dutse yana fama da malami ɗaya. A nan ma ɗan Unguwar Rimi da ɗan ƙauyen Birnin Gwari takardar WAEC ɗaya za a ajiye musu. Da can Faransanci ne katangar da ke raba su a can, in ba a yi hankali ba sai dai a sake wa katangar fenti. Abin da ya fi bani haushi ma, ɗan Najeriya da yayi karatu da Turanci tun daga nazare har digiri, in zai je aikin jinya Ingila sai ya biya maƙudan kuɗi ya rubuta jarrabawar Turanci irin su IELTS don ya tabbatar musu yana jin yarensu.

Wannan Ingausar da yara ke yi, gauraya Hausa da Turanci, ba ita zata kashe Hausa ba?

Aro ba ya kashe yare. Littafi, alƙalami, alƙali, Alhamis, duk daga Larabci muka aro. Mota, tebur, asibiti daga Turanci. Bahaushen Nijar yana cewa lakwal da mushe da kaye inda mu muke cewa makaranta da malam da littafin rubutu, kuma Hausarsa ta fi ta yawancinmu nauyi. Samarin Larabawa ma suna rubuta Larabci da baƙaƙen boko a waya, 3 a madadin ainun, 7 a madadin ha, malamansu na can suna ta kuka irin namu. Inda nake jin tsoro shi ne gidan da uwa da uba duk Hausawa amma sun yanke ba za a yi wa yaro Hausa ba sam don kar ta ɓata masa harshe, sai kaka tazo daga Ikara ta zauna da jikanta suna kallon juna sai murmushi.

Malam na haura arba'in, kaina zai ɗauka kuwa?

Zai ɗauka, in ka yarda a yi maka dariya wata uku. Waɗanda suka yi nahawu da sarfu ma sun fi saurin kama ƙa'ida, don wanda ya san fa'ili da maf'uli ba sai na ɓata bakina ba, matsalarsu ɗaya ce rubutun Turanci baya bin furuci sai su yi ta neman wasali inda babu. 'Yan Nijar kuma kalmomi da yawa sun riga sun san su ta Faransanci, harshen ne kawai sai an lanƙwasa. Kar ka fara da littafin nahawu mai kauri, fara da abin da ke gabanka, saƙon banki da ke shigo maka waya, takardar magani, rasit, fom ɗin makarantar 'yarka. Ka saurari labarai da Hausa da safe sannan ka nemi labarin nan dai da Turanci da daddare, tunda ka riga ka san abin da ya faru kunnenka zai riƙa tsinta. Ka zo da littafin rubutu mai shafi 60 da biro biyu, tabarau kuma in ido ya fara gardama, don fitilar ajin ta caji ce in an ɗauke wuta.